Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar kwashe shara ta REMASAB da Ma'aikatar Muhalli ta Kano: ina za mu kai abin da ɗan gwangwan ya ƙi saya?

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, ina yi muku fatan alheri, Allah Ya taya ku riƙo.

Ni magidanci ne a nan birni, wajen Kurna nake zaune, ba ɗan jarida ba ne ni, ba ɗan siyasa ba, kuma ba kwangila nake nema ba, gara in faɗa tun da wuri kafin wani ya ce turo ni aka yi. Wani kwali ne ya sa na rubuto muku. Kwalin taliya ne, ya yi kusan wata takwas a gidana ina ta kai shi ina kawo shi daga saman wadirof zuwa sito, daga sito zuwa bayan ƙofa, har uwargida ta sa masa suna, wai amaryata.

Abin da ke ciki ba wani abin a zo a gani ba ne, duk gidan da kuka shiga a Kano za ku samu irinsa. Fawa bank guda biyu, ɗaya ya kumbura kamar burodi. Batiran tocila da na rimot. Ƙwayayen fitila irin masu murɗe-murɗen nan da muka yi yayi kafin zuwan na yanzu, guda huɗu, da doguwar fitila ɗaya. Tsohuwar waya da ta mutu murus. Gwangwanayen maganin sauro na fesawa. Robar fiya-fiya. Sai leda guda cike da ragowar magungunan Hajiyarmu, Allah Ya jiƙanta, da alluranta na ciwon suga da aka yi amfani da su, waɗanda tun bayan rasuwarta na kasa sanin yadda zan yi da su. A gefen kwalin kuma akwai mataccen batirin sola da galan ɗin baƙin mai na janareto.

Wata ranar Lahadi na ji wani yaro yana wucewa da kurarsa yana kiran a fito da gwangwan, na kira shi soro na ce ga kaya. Wallahi da kun ga yadda yaron nan ya tantance kwalin nan da kun ɗauke shi aiki. Bai fi shekara 17 ba. Batirin sola ya fara cafka, ya ɗaga shi ya ji nauyi, ya ciro ɗan sikelinsa mai ƙugiya ya rataya, nan take muka yi ciniki ya biya. Waya ya juya ta ya ce zai ɗauka saboda allon da ke cikinta. Wayoyin caja ya naɗe su ya cusa a aljihu, ya ce akwai kofa, wato jan ƙarfe, a ciki. Gwangwanayen feshi ya manna musu maganaɗisu, da ya ga ya kama sai ya jefa a kura. Daga nan ya miƙe ya kaɗe hannu. Na ce sauran fa? Ya ce, "Baba, wannan ai ba ya kilo." Na ce to ɗauka kyauta. Ya yi dariya ya ce, "In kai shi ina? In dai ba bola kake so in watsar maka ba."

Tambayar da yaron nan ya yi min ita na kawo muku, don ni ma ban samu wanda ya amsa min ba. Na tambayi mai kemis ɗin layinmu game da magungunan, ya ce in haƙa rami ko in zuba a masai. Na tambayi mai gyaran waya game da fawa bank ɗin, ya ce in jefar kawai kafin ya tashi da ni. Na tambayi masu tura kurar shara da muke biya duk sati, suka ce su duk abin da aka ba su wuri ɗaya suke juye shi. Kowa ya ba ni amsa iya saninsa, ba na ganin laifin kowa a ciki, amma babu mutum ɗaya da ya iya ce min je ka wuri kaza, ranar kaza, za a karɓa.

Abin da nake so ku lura da shi, ranku ya daɗe, Kano ba baƙuwa ba ce wajen sake sarrafa kaya, ba sai wani ya zo daga Turai ya koya mana ba. Tun muna yara ake musayar tsofaffin kaya da robobi a ƙofar gida. Tsohuwar taya takalmi take zama, tub ɗinta ya zama guga ko igiyar ɗaure kaya a bayan babur. Gwangwanin lemo da tsohon alminiyom maƙera ke narkawa su zuba tukwane, irin manyan nan na biki. Gwangwanin madara a da fitilar aci-bal-bal yake komawa. Robar ruwa ta kwalba masu zoɓo da kunun aya na jiranta. Ledar fiyawata ma yanzu ana saye a kilo, a wanke a niƙa, ta koma kamfanonin roba na su Sharaɗa da Dakata ta dawo mana a buta ko bokiti. Ku shiga Ƙofar Ruwa ku ga ƙarfe yadda ake jujjuya shi. Duk abin da yake da farashi a garin nan ba ya kwana a bola, talaka ya riga ya gama muku wannan aikin ba tare da an ba shi ko sisi daga baitulmali ba. Abin da ya rage shi ne wanda ba shi da farashi, kuma abin takaicin shi ne mafi yawan masu guba a nan suke.

To ina yake zuwa? Nan ne hankalina ya fi tashi. Duk Bakano ya san sharar birni gona take komawa. Tun zamanin kakanni manoman kewayen birni ke shigowa da jakuna, su kawo itace da kara su koma da taki a mangala, shi ya sa ƙasar kewayen Kano ake noma ta shekara da shekaru ba hutu kuma ba ta mutu ba. Har gobe ana yi, sai dai yanzu tifa ce ke kaiwa a juye a gona kafin damina. Amma sharar wancan lokacin toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da ragowar tuwo. Ta yanzu fa? Na je gonar wani ɗan'uwana a hanyar Dawanau bara, na tsuguna na damƙi takin da aka juye masa, a hannu ɗaya na ga fasasshen batir ya yi tsatsa baƙin garinsa na zuba, ga guntun kwalba, ga kan sirinji, leda kuwa ba a magana. Yaransa ne ke bi suna tsince abin da ido ya gani, babu safar hannu, wasu ko takalmi babu. Abin da ido bai gani ba ya shige ƙasa. Wanda kuma aka watsa a kwata, ruwa ya ja shi zuwa kogin Jakara, ita kuma Jakara da ruwanta ake ban ruwan lambuna a hanyarta har ta kai dam ɗin Wasai, alayyahun da latas ɗin su dawo kasuwa mu saya mu kai gida. Ashe batirin da na jefar ba tafiya ya yi ba, zagayawa ya yi ya biyo ta ƙofar kicin.

Ku ɗauki batirin sola da na mota da na Keke Napep. Shi yana da kasuwa, har rububinsa ake, amma don ana saye ba shi ke nuna an rabu da shi lafiya ba. Na taɓa tsayawa a wani kango na ga yadda ake yi: a sa gatari a fasa, a tuntsurar da ruwan batirin a ƙasa yana tafasa, a zare farantan dalma da hannu, wani ma a gefe yana cin ƙosai. Fiye da rabin nauyin batirin nan dalma ce. Mu a arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan gubar dalma, mun ga abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da Yargalma, yara sama da 400 suka rasu. Na san wancan daga dutsen zinare ne da ake niƙawa a cikin gidaje, ba batir ba, amma dalmar ɗaya ce, kuma hanyar da ta bi ta shiga jikin yaran ita ce ƙura, ƙurar da ke sauka a tsakar gida yaro ya yi rarrafe ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba shi da illa, kuma abin da ta fi taɓawa ƙwaƙwalwar yaro ce, ba zazzaɓi za ka gani ba balle ka ruga asibiti, sai dai yaro ya tashi karatu na ba shi wuya a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Yanzu ku duba rufin gidajen Kano, sola ko'ina saboda halin da wuta ke ciki, kowane gida da batir ɗaya ko biyu ko huɗu, kuma batiran nan shekaru kaɗan suke yi su mutu. Duk suna nan tafe.

Shi kuma na fawa bank da waya da wasu fankokin caji wani iri ne daban, litiyam ne, shi matsalarsa wuta. In ya kumbura ko aka huda shi ko ya sha zafi yana iya kamawa da kansa, kuma kun san zafin Kano a watan Afrilu. Ni da na ajiye shi a saman wadirof ƙarƙashin kwano, sai da wani mai haɗa sola ya ce min wallahi ganganci nake, na sauko da shi na sa a tsohon gwangwanin fenti na zuba yashi na ajiye a inuwa a tsakar gida. Ku yi tunanin irinsa guda nawa ke shiga motar shara a matse su, ko su kwanta a bola wani ya zo ya cinna wuta da yamma.

Ƙwan fitila mai murɗe da doguwar fitila kuwa zaiba ce a ciki, 'yar kaɗan ce amma in ya fashe tururinta ake shaƙa. Yara kuma ba abin da suke so irin su samu doguwar fitila a bola su fasa ta don ƙarar. Mu ma mun yi, Allah Ya yafe mana, har baƙin garin cikin batir mun sha kwaɓawa mu shafe allon aji da hannunmu, malam na sa mana albarka. Rashin sani ne. Yanzu da aka sani fa?

Baƙin mai ba sai na ja ba, kowa ya san inda yake ƙarewa: a masai wai maganin sauro, a jikin katako maganin gara, ragowar a kwata. A unguwar da rijiya da masai ke kallon juna, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Magani da allura su suka fi damuna don su ne suka shafe ni kai tsaye. Ragowar maganin da ya ƙare wa'adi in ka zuba a shara akwai mai tsinta, wani yaro ya ɗauka alawa ce, wani kuma ya san abin da yake nema, kun fi ni sanin halin da muke ciki da shaye-shaye a garin nan. Kwalaben da fakitin ma masu jabu na so. Allura kuwa yaron da ke tona bola da hannu ita ke jiransa. Asibitoci suna da akwatin zuba allura da wurin ƙonawa, amma mai ciwon suga da ke yi wa kansa allura a gida sau biyu a rana, shi ina nasa akwatin? Ni dai na zuba na Hajiya a wata jarka mai kauri na ɗaure murfin da salatif na rubuta a jiki, iyakar dabarata ke nan.

Ga roƙona, kuma ba abu ne mai tsada ba in aka kwatanta da abin da ake kashewa a wasu wuraren.

Ku ba mu adireshi. Shi ne babba. Ƙananan hukumomi 8 ne a cikin birni da kewaye, Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, ko wuri ɗaiɗai aka fara da shi a kowacce ya isa a gwada. Ba gini nake cewa a yi ba, kada a kai maganar can a ce sai an ware biliyoyi. Rumfa mai inuwa, durom huɗu ko biyar masu murfi da kwaɗo, kowanne da launinsa da hoton abin da ake sakawa a jiki saboda wanda bai iya boko ba, a rubuta da Hausa da ajami, da ma'aikaci ɗaya da aka koya wa aikin. In kuma akwai irin wuraren nan tuni, to ku yi shela, don mu a unguwa labarin bai iso mu ba. Kano garin rediyo ne, sanarwa ɗaya a Freedom ko Rediyon Kano ko Arewa da safe, kafin azahar har mai shayi ya haddace. Ku ƙara da lambar waya ɗaya da mutum zai tura hoton abu ta WhatsApp a ce masa kai shi wuri kaza. Amma don Allah lambar da ake ɗagawa.

Sannan ga Asabar ɗin ƙarshen wata da muke zaman gida daga ƙarfe 7 zuwa 10 don tsaftar muhalli. Gaskiya mu faɗa, da yawanmu barci muke ƙarawa, matasa kuma ƙwallo suke bugawa a kan titi. Me zai hana a ce ranar ce ranar fito da irin wannan kaya? Kowa yana gida, titi babu cunkoso, a ajiye durom a ƙofar gidan mai unguwa, mota ta bi ta kwashe kafin 10. Masu unguwanni da dagatai sun yi aikin rigakafin foliyo gida-gida shekara da shekaru, sun san kowane lungu, wannan ba zai gagare su ba. Limamai ma in aka ba su bayani za su faɗa a huɗuba, tunda maganar cutar da maƙwabci ce.

Kasuwanni kuma kowacce ta karɓi nata. Inda ake sayar da abu nan ya fi dacewa a mayar da gawarsa. Farm Centre da Beirut su ajiye akwatin matattun wayoyi da batiransu da caja. Masu kayan wuta da sola na Sabon Gari su karɓi ƙwan fitila da batir. Kasuwar magani ta Dangwauro da manyan kemis su ajiye akwati mai kulle na maganin da ya lalace, ku haɗa kai da NAFDAC tunda ita ke da alhakin lalata irinsa. Gidajen mai da masu juyen mai su ajiye tankin baƙin mai. Duk kasuwannin nan suna da shugabanni da ƙungiyoyi, kiran taro ɗaya ne.

Za ku ce kuɗi. To ai ba dole sai daga aljihun jiha kaɗai ba. Hukumar NESREA ta tarayya mai kula da dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da dokar kayan lantarki tun 2011, kuma a tsarin akwai cewa kamfanin da ya ƙera ko ya shigo da kaya shi ma yana da alhakin abin da kayan ya zama bayan ya mutu. A kan haka aka kafa ƙungiyar EPRON a 2018 don kamfanonin su riƙa zuba kuɗin tattara matattun kayan lantarki, a 2024 kuma aka fito da dokar batir ta musamman. Kano kasuwa ce da ke ciyar da arewa gaba ɗaya har Nijar da Chadi, kayan da ake saukewa a nan ba kaɗan ba ne, to kason tattarawar ma ya kamata a gan shi a nan a ƙasa, ba a takarda ba. Ku ne ke da bakin da za ku nema mana. Legas ta hana robar tekawe mai kumfa a Janairun 2024, mutane suka yi ta ƙorafi kuma aka wuce wurin. Ni ban ma kai ga cewa a hana komai ba tukuna, wurin ajiyewa kawai nake nema.

Abu na ƙarshe, 'yan gwangwan. Na san ana kuka da su, ana cewa wasu na sace murfin kwata da wayar wuta da ƙofar gidan mutane, kuma gaskiya ne akwai ɓata-gari a ciki, ni ma an taɓa ɗauke min tukunya a soro. Mun kuma ga abin da ya faru a Hotoro a 2025 da wani abu ya fashe a cikin kayan gwangwan ya kashe mutane. Amma duk tsarin da za ku yi in babu su a ciki ba zai je ko'ina ba, domin su kaɗai ne ke shiga kowane lungu kullum, har inda motarku ba za ta iya juyawa ba. Suna da ƙungiya, suna da iyayen gida da ke ba su jari. A yi musu rajista, a ba su kati da safar hannu, sannan a sa wa abin da ba ya kilo farashi. Ko 'yan canji ne a kan kowane ƙwan fitila da ya iso bai fashe ba, da kowane kilo na ƙananan batura, wallahi cikin wata ɗaya sai kun rasa inda za ku zuba. Wayar da suke ƙonawa da taya don su ciro kofa, hayaƙin ya turnuƙe unguwa, akwai ɗan injin feɗe waya da ke yin aikin ba wuta, a sa musu a wuri ɗaya su riƙa biyan kaɗan. Batir kuma a ce wanda ya kawo shi da ruwansa bai fasa ba shi ke samun farashi mai kyau, za ku ga an daina tuntsurarwa a kango.

Sai dai in za a yi, a faɗa mana inda durom ɗin ke zuwa bayan ya cika. Kada mu wahala mu ware, mu ɗauko, sannan a haɗa shi da sauran shara a juye a rami ɗaya. In mutane suka gano haka sau ɗaya, ba za su ƙara fitowa da komai ba, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Yaron nan mai kura ya sake biyowa ta layinmu shekaranjiya, ya leƙo soro ya ce, "Baba, har yanzu kayan naka na nan?" Na ce suna nan. Gwangwanin fenti na tsakar gida da yashinsa, jarkar allura na saman katanga inda yara ba sa kaiwa, ƙwayayen fitila na naɗe su a tsohuwar jarida. Ranar da kuka sanar da wuri, ni zan fara zuwa, kuma zan biya ta gidajen layinmu in haɗo nasu a Keke ɗaya.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
wani magidanci daga Kurna, Kano.